Ka Sayi Manhaja Ta Ƙi Tashi: Yadda Ake Shirya Mata Kwamfuta Kafin a Kai Ta Intanet

Wata rana bayan la'asar ƙanin wani abokina ya same ni a ƙofar gida a Gwammaja, laftof a hammata, fuska ba annuri. Mahaifinsu yana da shago a Kantin Kwari, shi kuma ya lallaɓa Alhaji har ya yarda a sayi manhajar lissafin kaya da buga rasit a CodeCanyon, kasuwar intanet da ake sayar da manhajoji. Ko zama bai yi ba ya ce, "Yaya, wallahi an cuce mu. Na sauke abin, na danna index.php sau biyu, sai wasu rubuce-rubuce suka watsu a allo. Me zan ce wa Baba?"

Na ce masa ya zauna, babu wanda ya cuce shi. Wanda ya sayi shadda a Kwari bai sayi riga ba tukuna, da sauran tela. Manhajar intanet ba irin wadda ake dannawa ta buɗe ba ce kamar Word. Tana buƙatar saba da za ta karɓi buƙatar burauza, da injin da zai karanta yaren da aka rubuta ta da shi, da rumbun bayanai inda za ta riƙa ajiye sunayen kaya da kuɗi. Waɗannan ukun za ka iya kafa su a kwamfutarka ta gida, ka gwada komai, ka ɓata, ka gyara, kafin ka biya kuɗin masauki a intanet, wato hayar sabar da manhajar za ta zauna. Abin da muka yi da shi a yammacin nan shi ne zan zayyana a nan. Zan yi misali da Windows da manhajar da aka rubuta da yaren PHP a kan Laravel, wani shiryayyen tsarin gina manhajoji, domin mafi yawan waɗanda ake kawo mini irinsu ne. Wanda tasa ta bambanta zai ga hanyar ɗaya ce, sunayen kayan aikin ne ke sauyawa.

Kafin ka girka komai, buɗe kwalin ka karanta

Nan ne mafi yawan mutane ke yin tuntuɓe, kuma nan ne aikin ya fi sauƙi. Ka shiga asusunka na Envato, kamfanin da ke da CodeCanyon, ka je sashen Downloads. Abu biyu za ka sauke: babban fayil ɗin manhajar, da takardar lasisi mai ɗauke da lambar shaidar saye. Lambar nan doguwa ce, haruffa da alƙaluma haɗe. Adana ta a wuri biyu, kada kuma ka tura ta cikin guruf ɗin WhatsApp da sunan neman taimako.

Wajen warware fayil ɗin, yi amfani da 7-Zip, ka warware shi a wuri mai gajeren suna, misali C:\aiki. Windows yana da tsohuwar iyaka ta haruffa 260 ga tsawon hanyar fayil, kuma foldojin Laravel suna da zurfi ƙwarai. Idan ka warware a cikin folda cikin folda cikin Downloads, wasu fayiloli za su maƙale a hanya, ka zo kana neman abin da ya ɓace ba ka san ya ɓace ba. Ainihin fayil ɗin da ka sauke kuma kada ka taɓa shi. Kwafe shi a filashi ka ajiye.

A ciki galibi za ka tarar da folda mai suna Documentation, da wani fayil ɗin zip na manhajar kanta, wani lokaci da fayil mai ƙarewa da .sql. Buɗe bayanin mai manhajar ka nemi wurin da ya rubuta abin da take buƙata. Ɗauki biro ka rubuta abu huɗu: sigar PHP, sigar MySQL ko MariaDB (su ne rumbun bayanan), jerin ƙare-ƙaren PHP da ya ambata (ƙananan sassan da ake kunna wa PHP don ƙarin aiki), da ko akwai shafin girkawa na atomatik. Idan bayanin nasa bai gamsar ba, buɗe fayil ɗin composer.json, ka duba layin da ya fara da "php" da wanda ya fara da "laravel/framework". Su ba sa ƙarya.

Me ya sa nake nanata batun siga? Domin Laravel 8 yana tashi daga PHP 7.3, Laravel 9 yana son 8.0 zuwa sama, Laravel 10 sai 8.1, Laravel 11 kuma sai 8.2. Tsohuwar manhajar da aka rubuta a zamanin PHP 7.4 tana iya tarwatsewa a kan PHP 8, wanda ya fito a ƙarshen 2020 ya cire abubuwa da dama da tsofaffin masu rubutu suka saba da su. Saboda haka "bari in sauke sabon yayi" ba dabara ba ce a nan. Takalmin da ya dace da ƙafa shi ake nema, ba wanda ya fi sheƙi ba.

Duba lasisin ma. Na talakawa, wanda suke kira Regular, na aiki ɗaya ne, kuma ba a karɓar kuɗi a hannun masu amfani da manhajar don su shiga. Idan niyyarka ka buɗe ta ga 'yan kasuwar Singa da Kwari su riƙa biyan kuɗin wata, to Extended ne naka. Sannan saye yana zuwa da tallafin wata shida daga mai manhajar. Kwanakin nan suna tafiya ko ka girka ko ba ka girka ba, don haka kada ka saya ka ajiye sai bayan sallah.

Akwai wata maganar da sai na faɗa. Za ka haɗu da masu cewa su tura maka irin wannan manhajar a filashi kan naira dubu biyu, an fasa mata lasisi. Na taɓa karɓar aikin gyaran wata makaranta da aka girka wa irinta, na tarar da wani ɓoyayyen fayil da ke bai wa wani can damar shiga rumbun bayanan duk lokacin da ya ga dama, har da lambobin wayar iyaye. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kafa saba a kwamfutarka

Ni XAMPP nake fara koya wa mutum, ba don ya fi kowa ba, sai don idan ka maƙale za ka sami wanda ya san shi ko a ina, daga ɗaliban kwamfuta na BUK har masu gyara a Beirut Road. Ƙunshi ɗaya ne da ya haɗa Apache, wato sabar, da MariaDB, da PHP, da phpMyAdmin, shafin da ake sarrafa rumbun da shi. Ana sauke shi daga shafin Apache Friends, nauyinsa wajen megabait 150, kuma lambar sigarsa ita ce lambar PHP ɗin da ke cikinsa: XAMPP 8.2 yana ɗauke da PHP 8.2. Tsofaffin sigogi suna nan a SourceForge ga mai buƙatar 7.4. Laragon ma yana da kyau, ya ma fi sauƙin sauya sigar PHP, amma mu tsaya kan ɗaya kada mu raba hankali.

Girka shi a C:\xampp, ba a cikin Program Files ba, domin can Windows yana hana rubutu a wasu foldoji. Buɗe allon sarrafa shi, ka danna Start a gaban Apache, sannan a gaban MySQL. Kada sunan ya ruɗe ka: MySQL aka rubuta amma MariaDB ce a ciki, kuma ga aikinmu duk ɗaya ne. In sun yi kore, buɗe burauza ka rubuta localhost, wato adireshin kwamfutarka ita kanta. Ka ga shafin maraba? To saba ta tashi.

In Apache ya ƙi, kusan kullum wani shirin ne ya riga shi zama a ƙofa ta 80, lambar da saba ke karɓar buƙata ta cikinta, galibi IIS, sabar Windows. Danna Config a gaban Apache, buɗe httpd.conf, nemi layin Listen 80 ka mayar da shi Listen 8080, ka adana, ka sake tayarwa. Daga nan adireshinka ya zama localhost:8080. Ita kuma MySQL ƙofarta 3306 ce, idan ka taɓa girka wata MySQL ɗin a baya don aikin makaranta, sai ka tsayar da waccan tukuna.

Yanzu php.ini, wanda ke C:\xampp\php. Buɗe shi da VS Code ko Notepad++. Za ka ga layuka irin su ;extension=gd da ;extension=intl da ;extension=zip. Waƙafi mai ɗigon da ke farkon layin shi ne makulli: cire shi, ƙarin ya kunnu. Bi jerin da ka rubuta ɗazu ka kunna duk wanda mai manhajar ya ambata. A wannan fayil ɗin kuma ka ɗaga upload_max_filesize da post_max_size zuwa 128M, max_execution_time zuwa 300, ka tabbata memory_limit bai gaza 512M ba. Duk gyaran da ka yi a php.ini ba ya aiki sai ka tsayar da Apache ka sake tayar da shi. Yaron nan ya ɓata kusan rabin awa yana rantsuwa ya kunna gd, ashe wannan ne bai yi ba.

Wasu masu sayarwa suna kulle wani ɓangare na rubutunsu da ionCube. In ka ga sunan a bayanin, sai ka sauke mabuɗinsa da ya yi daidai da sigar PHP ɗinka, ka saka layin zend_extension a php.ini. Ka sani kuma ɓangaren da aka kulle ba za ka iya gyara shi ba har abada.

Sai Composer, wanda shi ke ɗauko ɗakunan karatun PHP da manhajar ta dogara da su. Sauke Composer-Setup.exe daga getcomposer.org. Zai tambaye ka inda PHP yake, ka nuna masa C:\xampp\php\php.exe, ka kuma yarda ya saka shi a PATH, jerin wuraren da Windows ke neman umarni. Buɗe sabon baƙin allo, wato cmd, ka gwada:

php -v
composer -V

Lambar da php -v ya nuna ita ce gaskiyar lamari. Idan ta saɓa wa wadda ka girka, akwai wani PHP ɗin da ke gaba da naka a PATH, kuma sai ka kawar da shi kafin ka ci gaba. Node.js kuwa, wanda ake haɗa adon shafuka da shi, kada ka ƙona data a kansa yanzu, sai in an ga buƙata. Git dai ka girka shi, zan faɗi dalili.

Rumbun bayanai, da batun ƙ, ɗ, ɓ

Rubuta localhost/phpmyadmin, danna New, ka ba rumbun suna maras sarari, misali shago_db. A gefen sunan akwai akwatin zaɓin tsarin haruffa. Mutane suna wuce shi da gudu, amma mu masu rubutu da Hausa bai kamata mu wuce ba. Zaɓi utf8mb4_unicode_ci. Tsohon tsarin latin1 bai san ƙ ba, bai san ɗ da ɓ da ƴ ba, bai ma san alamar naira ₦ ba. Idan teburanka suka zauna a kansa, ka rubuta sunan abokin ciniki Ɗanjuma, sai rasit ya fito da alamar tambaya a madadin harafin farko, kuma abin da ya lalace a haka ba ya dawowa, sai an sake rubutawa da hannu.

Ko ka zaɓi daidai, akwai sauran rina a kaba: idan fayil ɗin .sql na mai manhajar ya ƙayyade latin1 a kan teburansa, nasa ne zai yi aiki. Buɗe fayil ɗin ka nemi kalmar CHARSET. In latin1 ka gani, ka maye gurbinta da utf8mb4 a duk inda ta fito, tare da layukan COLLATE masu farawa da latin1, a kan kwafi, kafin ka shigar.

A XAMPP sunan mai shiga rumbun root ne, kalmar sirri kuma babu, fanko ake bari. A gida wannan ba laifi. A intanet kuwa ganganci ne.

Zuba manhajar da haɗa ta da rumbu

Kwafe foldar manhajar zuwa C:\xampp\htdocs\shago. Daga nan hanya ta rabu biyu.

Idan akwai shafin girkawa na atomatik, ka huta. Buɗe adireshin da bayanin ya ce, sau da yawa localhost/shago ko localhost/shago/public, shafin zai duba ƙare-ƙaren PHP ya sa kore ko ja a gaban kowanne, ya tambayi sunan rumbu, ya nemi lambar shaidar saye. A wannan matakin kana buƙatar intanet domin zai tantance lambar. Amma dakata kafin ka liƙa ta. Wasu masu sayarwa suna ɗaure lambar da adireshin farko da aka yi amfani da ita, sai ka zo kai manhajar ainihin shafinka a ce maka an riga an yi amfani da lasisin. Duba bayaninsu ko sun ware localhost, in ba su ce komai ba ka rubuta musu ta shafin tallafi ka tambayi yadda ake kwance lasisi a mayar wani adireshin. Tambayar layi biyu ce, kuma kuɗinta ka biya.

Idan babu shafin girkawa, da hannu za a yi, kuma ni na fi son hakan domin mutum yana ganin abin da ke gudana. Buɗe baƙin allo ka shiga foldar:

cd C:\xampp\htdocs\shago

Duba ko akwai folda mai suna vendor cike da kaya. In akwai, an riga an yi maka aikin Composer, ka tsira da datarka. In babu:

composer install

Lura, install na ce, ba update ba. Na farkon yana ɗauko ainihin sigogin da mai manhajar ya gwada, waɗanda ke rubuce a composer.lock. Na biyun yana ɗauko sababbi, kuma da shi ake rusa manhaja mai lafiya cikin minti biyar. Idan ya tsaya yana ƙorafin wani abu mai farawa da ext-, misali ext-zip, sunan ƙarin da ba ka kunna ba ne yake faɗa maka. Koma php.ini. Za ka ga masu ba da shawarar a ƙara --ignore-platform-reqs don ƙorafin ya ɓace. Wannan rufe ciwo ne da riga, zai fito a gaba inda ya fi wuyar ganewa. In layinka na rawa, bar wannan matakin sai dare ko bayan asuba, kuma ko ya yanke ka sake bugawa, Composer yana ajiye abin da ya riga ya sauke.

Sai fayil ɗin .env, wanda shi ne zuciyar saitin. In babu shi, kwafo shi daga samfuri:

copy .env.example .env

Da umarni na ce a kwafa saboda Notepad yana da halin liƙa .txt a ƙarshen suna, Windows kuma ya ɓoye, kana ganin .env alhali .env.txt ne. Buɗe shi da VS Code ka gyara waɗannan:

APP_ENV=local
APP_DEBUG=true
APP_URL=http://localhost:8000
DB_CONNECTION=mysql
DB_HOST=127.0.0.1
DB_PORT=3306
DB_DATABASE=shago_db
DB_USERNAME=root
DB_PASSWORD=
MAIL_MAILER=log

Layin ƙarshen yana sa duk saƙon imel da manhajar za ta aika ya faɗa cikin fayil ɗin rahoto maimakon ya fita waje, don kada gwajinka ya isa akwatin mutane. Duba layin APP_KEY. In fanko ne, buga php artisan key:generate. In kuma mai manhajar ya riga ya sa masa mabuɗi kuma ya ba ka fayil ɗin .sql, bar shi yadda yake a yanzu, domin wataƙila akwai bayanan da aka rufe da wancan mabuɗin, in ka sauya ba za su buɗu ba.

Cika rumbun ma hanya biyu ce, kuma ɗaya ake bi, ba duka ba. In an ba ka .sql, shigar da shi ta Import a phpMyAdmin. Idan yana da girma ya tsaya a tsakiya, share teburan da suka shiga, danna Shell a allon XAMPP ka buga:

mysql -u root shago_db < C:\aiki\database.sql

Ta nan babu iyakar girma. A Shell ko cmd za ka buga shi, PowerShell ba ya karɓar alamar nan ta <. In kuma babu .sql, sai:

php artisan migrate --seed

Wanda ya yi duka biyun zai ga saƙon cewa tebur ya riga ya wanzu. Akwai kuma umarnin migrate:fresh da za ka ci karo da shi a wuraren neman taimako. Yana share dukkan teburanka ne ya gina sababbi. Ranar farko ba komai. Ranar da aka shigar da kayan shago na mako biyu kuwa, kuka ne.

Saura biyu:

php artisan storage:link
php artisan serve

Na farko shi ke sa hotunan kaya da tambarin shago su bayyana. In ya ƙi, buɗe baƙin allon a matsayin Administrator. Na biyu zai ba ka adireshi, 127.0.0.1:8000. Buɗe shi. Sunan shiga da kalmar sirrin farko suna cikin bayanin mai manhajar, ka sauya su da zarar ka shiga.

In ta buɗe da ja, ko fari fat

Kada ka fara canje-canje barkatai. Je storage\logs\laravel.log, gangara ƙasa, ka karanta layin farko na kuskuren ƙarshe. Shi kaɗai ya isa mafi yawan lokuta. Saƙon da ya ce "could not find driver" yana nufin pdo_mysql a kashe yake. "Unknown database" kuskuren rubuta suna ne a .env. "Connection refused" MySQL ce ba ta tashi ba. Idan kuma ka gyara .env amma manhajar ta nace kan tsohon saiti, ta haddace shi ne, ka goge mata da php artisan optimize:clear.

Shafi ya fito tsirara, rubutu ba ado, ko ka ga "Vite manifest not found"? Yanzu ne lokacin Node.js ya yi. Sauke sigar LTS, ka buga npm install, sannan npm run build. Tsofaffin manhajoji masu amfani da Laravel Mix kuwa npm run prod ne, sashen scripts na package.json zai nuna maka. Amma kafin ka kashe data, duba APP_URL, domin sau da yawa shi ne bai yi daidai da adireshin da ke burauza ba.

Wasu ayyukan, irin su tura rahoton rana ko tunatar da masu bashi, ba sa faruwa sai da mai kula da lokaci. A gida buɗe wani baƙin allon ka bar php artisan schedule:work yana gudana, in kuma bayanin ya ambaci layin jira, ƙara php artisan queue:work a na uku.

Wuta

Wannan babu shi a bayanin mai manhajar, domin a garinsu ba a ɗauke wuta ana tsakar aiki. Mu kuwa mun sani. Laftof mai mataccen batir ko kwamfutar tebur maras UPS, idan ta mutu farat ɗaya MySQL tana tsakar rubutu, fayilolinta na iya lalacewa. Washegari ka danna Start ta yi kore ta koma, da saƙon "MySQL shutdown unexpectedly".

Kada ka goge XAMPP ka sake girkawa, bayananka za su tafi tare da shi. Je C:\xampp\mysql. Sauya sunan foldar data zuwa data_tsoho. Kwafi foldar backup, ka sa wa kwafin suna data. Daga data_tsoho ɗauko foldar rumbunka, shago_db, ka saka a sabuwar, ka bar foldojin mysql da performance_schema da phpmyadmin inda suke. Sannan ɗauko fayil ɗin ibdata1 daga tsohuwar ka danne na sabuwar da shi. Tayar da MySQL. Sau da yawa tana tashi, amma ba alkawari ba ne.

Abin da ya fi shi ne ka saba da abu biyu. Danna Stop kafin ka kashe kwamfuta ko kafin a sauya layi zuwa janareto. Kuma duk ranar da ka yi aikin kirki, buga wannan a Shell:

mysqldump -u root shago_db > D:\ajiya\shago_litinin.sql

Daƙiƙu kaɗan ne. Ni ina sa sunan ranar a jikin fayil ɗin, in bar na mako guda suna juyawa.

Git kuma aikinsa ke nan a ɓangaren rubutun manhajar. Da zarar ta tashi lafiya, kafin ka gyara ko harafi ɗaya, buga git init, da git add ., da git commit -m "asali". Tabbata .env yana cikin .gitignore. Ranar da mai manhajar ya fitar da sabuwar siga, ko ranar da ka yi gyaran da ya ɓata komai, za ka ga ainihin abin da ya sauya, ka kuma iya komawa baya.

Mayar da ita 'yar gida

Shiga saitin manhajar ka sa kuɗi ya zama naira, NGN, yankin lokaci kuma Africa/Lagos. In babu wurin a saiti, yana config\app.php. Wanda ya bar shi a UTC zai ga agogon rasit yana baya da awa ɗaya, cinikin da aka yi bayan sha biyun dare kuma ya faɗa lissafin jiya. Idan akwai biyan kuɗi ta Paystack ko Flutterwave, mabuɗan gwaji za ka saka, na Paystack suna farawa da pk_test da sk_test. Na gaske ba su da aiki a kwamfutar gwaji.

Sannan ka gwada ta kamar maƙiyinta. Shigar da kaya mai suna da ƙ da ɗ, ka buga rasit ɗinsa na PDF ka duba, domin wani lokaci rumbu yana karɓar harafin amma rubutun da ake buga PDF da shi bai san shi ba, sai a koma DejaVu Sans. Sayar da abin da ya fi wanda ke ajiye ka ga ko za ta hana. Ba da bashi, karɓi rabi, mayar da kaya. Duk abin da ya karye, ɗauki hoton allo da layin rahoton ka aika wa mai manhajar tun watanni shidan ba su ƙare ba. Ranar kai ta intanet kuma ka nemi masaukin da ke da sigar PHP ɗin da ka gwada da ita, ka mayar da APP_ENV zuwa production, APP_DEBUG zuwa false, in ba haka ba duk kuskuren da ya faru zai baje sirrin saitinka ga kowa.

Yaron ya so ya nuna wa mahaifinsa a waya, tunda Alhaji ba ya son zama gaban laftof. Wannan ma mai sauƙi ne. Muka haɗa laftof da wayar a kan hotspot ɗaya, muka tayar da manhajar da php artisan serve --host=0.0.0.0, muka buga ipconfig muka ɗauki lambar IPv4, muka sa ta a APP_URL, sannan muka rubuta ta a burauzar waya da :8000 a ƙarshe. Windows zai tambaya ko ya bari a shigo, ka yarda.

Bayan kwana biyu ya kira ni. "Yaya, Baba ya gani, ya ce ta yi. Amma wai ina turmi da bandir? Ita guda da dozin kawai ta sani." Na ce ya duba sashen ma'auni a saiti, in ana iya ƙarawa ya ƙara turmi ya sa masa yadi shida. In kuma sai an taɓa rubutun manhajar, ya yi mysqldump, ya yi commit, sannan ya zo da laftof ɗin bayan magariba.